Taguwar Barde Anaruwa

A zamanin da, tun ana yaƙi da mashi da kwari da baka, an yi wata masarauta mai wata doka wadda ni dai ban taɓa jin mai tsaurinta ba. Duk barden da ya rasu, sai wanda ya yi masa wanka ya zo fada ya faɗi inda tabon yaƙinsa yake. In a gaba ne, a buga masa tambari, a rataye garkuwarsa a zauren Sarki, gandun da aka ba shi ya zauna a hannun iyalinsa. In kuwa a baya ne, to gudu ya yi ke nan. A binne shi shiru, a karɓe gandu, iyali su san inda suka nufa. Sarkin lokacin gadon dokar ya yi daga mahaifinsa, wanda shi a zamaninsa ma sare kan mai gudu yake yi.

Wata safiya ta bazara, sai labari ya iso fada cewa Allah ya yi wa Barde Anaruwa rasuwa. Wannan tsoho, tun da ya ajiye yaƙi bai zauna ba. Shi ne mai ɗorin unguwa, shi ke shiga rijiya in ta rufta, in maƙwabta suka yi rigima kan iyakar gona ƙofarsa ake zuwa. Abu ɗaya ne mutane ke ƙus-ƙus a kansa: ba a taɓa ganinsa ba taguwa ba. Ko noma yake, ko cikin rijiya yake, gumi na zuba, taguwar nan tana jikinsa.

Sarki ya buɗe baki zai ce a ɗauko tambari, sai Madawaki, shugaban mayaƙa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a dakata. Ran yaƙin Mashigin Gawo da idona na ga Anaruwa ya ba abokan gaba baya yana gudu. Na rufa masa asiri yana raye don kada a sare shi, amma ba zan yi shiru a buga wa mai gudu tambarin mazaje ba."

Madawaki ba maƙaryaci ba ne, kowa ya sani, abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Ga gawa an riga an yi mata sutura, tana kan makara a zauren gidanta, ga rana tana ɗagawa, kuma zafin bazara ba ya jiran shari'a. Jama'ar unguwa suka cika ƙofar fada. Matar mamacin, Gwamma, ta durƙusa a gindin wani ginshiƙi, ba ta da inda za ta kai jikokinta in aka karɓe gandun.

Aka kira Malam Cindo, limamin unguwar, wanda ya yi wankan. Sarki ya ce, "Malam, ina tabon yake?"

Malam Cindo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci amana ce. In alheri ne yakan faɗa, in wani abu ne yakan rufe. Ni dai na ga fuskarsa da haske."

"Ba fuskarsa na tambaye ka ba."

"Ranka ya daɗe, ita zan iya faɗa."

Wayyo Malam! So yake ya rufa asiri, ashe tonawa yake yi, don kowa ya gane da tabon a gaba yake da tuni ya faɗa. Gwamma ta fashe da kuka. Sarki ya ɗaure fuska, ya ce in azahar ta yi ba a sami wata hujja ba, a kai shi makwancinsa ba tambari.

Sai Waziri, tsoho mai jan magana a hankali har ran mutum ya ɓaci, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mamaci ba ya kare kansa. A ba ni izini in tambayi masu rai." Ya juya ga Madawaki. "Da ka ga yana gudu, ina garkuwarsa da mashinsa?"

"Ya yar da su."

"Mai gudun tsira da rai, hannuwansa lilo suke yi. Nasa fa?"

Madawaki ya ce, "Kai, ban ga hannuwansa ba. A duƙe yake gudu, kamar wanda ya rungumi tulu."

"Ka ga abin da ya runguma?"

"Ta baya na hango shi, Waziri."

Waziri ya ce, "Madalla. Ran nan ni ina sansani, ina cikin masu jinyar raunuka. Aka tsinci Yarima, wato Sarkinmu na yau, a sume a bakin sansani, ƙafarsa a karye, doki ya faɗa masa. Ba wanda ya san mai kawo shi. Rigarsa sharkaf da jini, amma da na duba, ɗan rauni ne a ƙasan kafaɗarsa ta hagu, tsinin mashi ya ɗan taɓa shi, bai kai gaɓar yatsa ba. Har yau ina tambayar kaina, jinin wa na wanke? Kuma wane irin mashi ne zai zo da ƙarfinsa ya tsaya a fata, in ba wani abu ya ratsa kafin ya iso ba?"

Sarki ya kai hannu ƙasan kafaɗarsa bai ma san ya kai ba.

Waziri ya dubi Gwamma, ya sassauta murya. "Baiwar Allah, Malam amana ta ɗaure shi. Ke kuwa mijinki ne. Faɗi abin da kika sani, kada ki rage."

Gwamma ta san in ta faɗa, da bakinta za ta tabbatar da tabon baya. Ta dubi ƙofa, inuwa ta kusa komawa gindin bango. Can ta ce, "Ranka ya daɗe, bayansa duk tabon kibiya ne, ba zan ɓoye ba. Akwai wani babba a allon kafaɗarsa ta dama, ya ratsa ya fito ta gaba. Na taɓa tambayarsa, sai ya ce wani yaro ya ɗauko. Na ce, don me ba ka goya shi ba yadda ake ɗaukar mai rauni? Ya ce, 'Gwamma, in na goya shi, ai shi zai zama garkuwata.' Ya hana ni faɗa, ya ce doka ba ta san wannan ba, bayansa kawai za ta duba."

Tirƙashi! Sarki ya miƙe tsaye, ya buɗe wuyan rigarsa a gaban jama'a, abin da ba a taɓa gani ba. Ga ɗan tabon nan a hagu, daidai inda kafaɗar dama ta mai runguma za ta tsaya. Madawaki ya kifa goshinsa a ƙasa yana salati, yana cewa Anaruwa ya yafe masa.

Sarki ya ce, "Shekara da shekaru ina wuce ƙofar mutumin nan yana durƙusa mini. A buga tambari! Gandu na Gwamma ne da jikokinta. Daga yau kuma ba mai sake tambayar mai wanka abin da ya gani, a tambayi waɗanda suka zauna da mutum."

Aka buga tambari har unguwannin bayan ganuwa suka ji. Sarki ya taka da ƙafarsa zuwa gidan, ya sa kafaɗarsa ta hagu a ƙarƙashin makara. Fadawa suka yi ta miƙa hannu za su karɓe shi, ya ƙi saki har bakin kabari.

Da aka dawo, Sarkin Gida, mai kula da zauren Sarki, ya zo a ruɗe ya ce ba garkuwar da za a rataye, tana can Mashigin Gawo inda ya yar da ita. Sarki ya aika aka roƙi Gwamma taguwar, tsohuwa, duk faci, da jirwayen gumi. Shi da kansa ya rataye ta a tsakiyar garkuwoyin mazaje, ya juya bayanta wajen masu shigowa.