Fitilar Jaye da Itacen Jego

Akwai wani direba a tashar Gidan Rumji ana ce masa Jaye. Ƙaramar bas yake ja zuwa Maradi, ranakun kasuwa kuma ya shiga ƙauyuka ya kwaso mutane da buhunan wake. Ba mugun mutum ba ne, sai dai Allah ya zuba masa son a gani a faɗa.

Mutum ɗaya ne Jaye ke sunkuyar wa da kai a duniya, surukinsa Malam Muhammad Awwal, manomi a wani ƙauye bayan Gidan Sori. Tsohon ya ba shi 'yarsa Hafiza tun yana yaron mota, lokacin da dangi ke cewa wa zai ba da 'ya ga wanda ko keke bai mallaka ba. Tun ranar Jaye bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya je gaisuwa, daga nesa yake tuɓe takalmi. Babu abin da yake tsoro kamar ranar da tsohon nan zai yi da-na-sanin yarda da shi.

Da kaka ta kama, Hafiza ta tafi gida goyon ciki, ta haifi namiji. Itacen wankan jego kuwa kowa ya san a wuyan miji yake. Jaye ya ce gobe zai kai, gobe ta zama jibi, don hankalinsa ya tafi wani wuri. A makon ne ya sa sabuwar fitila a mota.

HID ce, wadda direbobi ke ce wa zenon. Fara ce fat da ɗan shuɗi-shuɗi. In an kunna ta sai ta fara dishi-dishi, can kuma ta buɗe kamar walda.

Taubashinsa Muzammil, shi ma direba a tashar, LED ya sa wa tasa motar. Da magariba Jaye ya je ya daidaita motarsa kusa da ta Muzammil, ya kunna wuta, ya fito yana taƙama.

"Taubashi, taho ka ga rana cikin dare. Taka wagga ai acibalbal ce."

Muzammil ya kare idonsa da hannu. "Acibalbal ɗina dai tana da kod, ƙaramar wuta, tana da far, babbar wuta. In na gamu da mutum in rage mishi, in ya wuce in ƙara, nan take take kamawa. Taka hwa? Sai ta yi miƙa ta yi hamma kahin ta tashi."

'Yan tasha suka kwashe da dariya.

"Kuma wanda ya ɗaura maka ita bai kyauta ba," in ji Muzammil. "Baki guda gare ta, babu kod. Cikin gidan tsohuwar hwitila anka cusa ta, hasken watsewa yakai, rabi bisa itatuwa, rabi cikin idon mutane."

"Wanda idonai bai iyawa shi kwana gida," Jaye ya ce.

Tsakani da Allah, LED ma tana kashe ido in an ɗaura ta a karkace. Muzammil sai da ya ɓata yammaci guda gaban bangon gidansu yana kwance kusoshin fitilar yana ɗaurewa, har hasken ya kwanta ƙasa kan hanya. Jaye ko ya ce wannan aikin marasa abin yi ne.

Kafin mako ya zagayo, duk hanyar ta san motar mai shuɗiyar wuta. 'Yan kabu-kabu masu babur in sun hango ta sai su sauka gefe su tsaya. Shi kuwa gogan daɗi yake ji, a zatonsa girmamawa ce.

Ana gobe suna, bayan isha'i, ya ɗauko 'yan kasuwa zai sauke su wajen Gidan Sori. Sauri yake, yana son ya koma ya karɓo ɗinkinsa. A wata 'yar kwana sai ga amalanken shanu tafe, an jibga masa itace har ya yi tozo, mutum ɗaya zaune a gaba.

Hasken ya daki shanun. Suka firgita, suka yanki gefe. Mai amalanken ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska, ɗaya hannun yana jan igiya.

Wata mata a bayan Jaye ta ce, "Direba, rage mishi wuta mana!"

Da me zai rage? Sai dai ya kashe gaba ɗaya, in kuwa ya kashe sai ya jira ta sake tashi, ga shi yana sauri. Ya danna oda, ya zuro kai ta taga.

"Kai tsoho, hanyar ubanka ce? In ba ka gani ka zamna gida!"

Ya wuce. A bayansa aka ji rugugin itace yana zuba. Matar ta yi salati, ta ce a tsaya. Jaye ya ce ai masu amalanke sun saba, ya ƙara gudu.

Washegari da sassafe ya isa ƙauyen surukansa cikin sabuwar shadda, da goro da dabino. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun cika. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, sai idonsa ya faɗa kan hannun Malam Muhammad Awwal. An yi masa ɗori, an naɗe da karare da farin ƙyalle, an rataye a wuya. Gefen fuskarsa duk ya kurje.



Wani ƙanen tsohon yana ta bayani cikin fushi. "Jiya da dare wata mota ta kashe ma shanu ido, amalanke ya tuntsure da shi. Direban ko tsayawa bai yi ba. An ce mai shuɗiyar wuta ce."

Babu wanda ya kalli Jaye, amma mutane da dama suka waiga wajen motarsa da ke tsaye ƙarƙashin bedi.

Tsohon ya gyara zama a hankali. "Ni dai ban ga mota ba. Haske na gani, sai na ji ni ƙasa."

"An ce har zagin ka ya yi, Yaya."

"Kunnena ya tsuhwa, ban ji ba. Ku bar zancen ga, yau ranar murna ce. Liman, bisimilla."

Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Muhammad Awwal, sunan da Jaye da kansa ya zaɓa tun ranar haihuwa. Mutane na ta yi masa barka, shi kuwa ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da aka watse, Muzammil ya ja shi bayan rumbu. Yau babu wasan taubasai a fuskarsa.

"Ni na taho bayanka. Na hango surukinka kwance bakin hanya, na ɗauke shi zuwa wajen maɗori. Muna tahiya ya ce mini, muryar nan ya san ta, amma in na hwaɗi ma wani bai yahe ba. Kai dai na hwaɗa ma, don kai ba wani ba ne."

Jaye ya jingina da rumbu. "Mi ya kai Baba daji da dare?"

"Itacen wankan Hafiza. Na gida ya ƙare, naka bai zo ba. Ya ce kada mata su yi maka baki ranar suna, shi ya sa ya bari sai da duhu ya yi, kada a ga shi ya kawo."

Hawaye suka zubo wa Jaye, shi da yake cewa namiji ba ya kuka.

Ya shiga mota ya koma kwanar nan. Itacen na nan warwatse cikin rami da ƙaya. Da rana tsaka, cikin shaddar suna, ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana lodawa a kan kujerun fasinja. 'Yan kabu-kabun da ya saba korawa gefe suna wucewa suna rage gudu suna kallo. Bai ɗaga kai ba. Da ya gama, ya buɗe gaban mota ya zare ƙwayayen zenon ɗin biyu, ya jefa ƙarƙashin kujera.

La'asar ta yi ya dawo. Tsohon na zaune shi kaɗai a zaure. Jaye ya zube gabansa.

"Baba, jiya ni ne..."

"Na hwaɗi gaban jama'a ban ga kowa ba," tsohon ya katse shi. "Kada ka maishe ni maƙaryaci da tsuhwana. Kai itacen ciki, ruwan yamma na jira."

Da tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga sanda ya maka masa, wallahi da ya fi masa sauƙi.

Jaye ya yi ta jidar itace zuwa bakin murhu, mata suna matsa masa hanya. Da ya ajiye na ƙarshe, ya tsaya kusa da ɗakin da Hafiza take, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ba ta ɗaga labule ba.

"Sannu da aiki," ta ce daga ciki. "Baba ya ce kada in tambaye ka komi. To, ban tambaye ka ba."

Darasi: Ko LED ka sa ko HID, ka daidaita ta, kuma in ka gamu da mutum ka rage masa wuta. Wanda ka tilasta wa rufe fuska ba za ka san ko wane ne ba, kuma bakin da ya saba zagin baƙo wata rana zai zagi wanda ya yi masa rana. Ku tura wa direbobi da 'yan kabu-kabun da kuka sani, wataƙila wani ya gyara tun kunya ba ta same shi ba.