Irin Geron Baba Jatau

Ku matso ku ji abin takaici, sannan ku yi mini hukunci, don ni raina ya gama ɓaci.

Baba Jatau manomi ne a wani ƙauyen bakin iyaka. Duk yunwar da za a yi, ba ya taɓa damin irin da yake ratayewa a rumbu. 'Ya'yansa uku duk ma'aikatan gwamnati ne.

Babban, Barau, yana ma'aikatar gona. Da shi aka je taron da ƙasashen yankin suka sa hannu cewa irin shuka zai riƙa ƙetare iyaka ba tsaiko. Ya dawo yana ta cika baki, lokacin hatsin gidan ya ƙare. "Baba, a sussuke tsohon irin nan a ci," in ji shi. "Iri mai saurin nuna na tafe daga maƙwabciyar ƙasa, da idona na ga an sa hannu." Tsoho ya ga hadari, ya zubar da ruwan tulunsa.

Na biyu, Ilu, jami'i ne a kan iyaka. Motar irin ta iso gabansa daidai saukar ruwan shuka, ya tare ta. Wai shi a rediyo ya ji yarjejeniyar, na sama ba su ba shi umarni ba, in ya sake ta aikinsa ne zai tafi. Motar ta yi ta shan rana har maƙwabtan tsohon suka gama noman farko, sannan aka sake ta.

Autan, Mati, malamin gona ne, makullin siton ajiye irin na hannunsa. Da irin ya iso, uban ya taka da kansa ya je. Mati ya sunkuyar da kai: "Baba, a yi haƙuri, an ce kada a buɗe buhu ko ɗaya sai manyan baƙi sun zo ƙaddamarwa." Baƙin nan sau biyu suna ɗage zuwa. Ranar da suka zo aka yi kiɗa, aka ɗauki hoto.

Tsoho ya shuka a makare. Gero na fitar da kai ruwa ya ɗauke, gona ta tsaya kara zalla. Da kaka, mutumin da a da ake zuwa roƙon iri wurinsa, shi aka gani da ƙwarya yana kala a gonar wani. Wallahi na gan shi, sai da na kau da kai.

Kowannensu ya rantse bai karya doka ba. To, cikin ukun nan, wane ne ya tura ubansa kala?