Sunan Zomon Tessa

Akwai wani ma'aikacin rijiyoyin mai a Dakota ta Arewa, Wendell Krause, wanda in ka ce masa ba ya kula da iyalinsa sai kun raba hali. Sati uku yana bakin aiki, sati ɗaya yana gida. Satin ma rabinsa barci ne, rabi yana kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu.

Ranar da matarsa Loreen ta kawo masa takardar makarantar renon 'yarsu Tessa, ta ce ya sa sunansa cikin masu izinin ɗauko ta, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni yaushe zan je ɗauko yarinya? Sa Iya Marge ta maƙwabta, ai ba ta da aikin yi."

Sai ga wata Laraba, yana hutu a gida, ciwon ciki ya murɗe Loreen. Kafin ƙarfe biyu an yi ɗakin tiyata da ita. Ana tura gadonta ta riƙe hannunsa ta ce, "Tessa fa. Ƙarfe uku ake tashinsu."

Gogan naku ya isa makaranta ya tarar da ƙofar gilashi a kulle. Malama Odette ta fito, ta duba takarda, ta dube shi.

"Ka yi haƙuri, sunanka ba ya ciki."

"Ni ne fa ubanta! Ga katin shaidata!"

"Na gani. Amma wanda ba ya cikin takarda sai ya faɗi kalmar sirrin da iyali suka ba mu. Bari in taimaka maka: sunan zomon nan ne na wasa da ba ta rabuwa da shi."

Shi ya sayo zomon da hannunsa, a wani gidan mai, shekara biyu da suka wuce. Amma suna? Ya ce Fari. Ya ce Mai Kunne. Malama tana ta girgiza kai, ita ma abin ya ba ta tausayi.

Ta cikin gilashin yana hango Tessa, 'yar shekara huɗu, sanye da rigar sanyi, an kwashe duk sauran yara. Ta ƙanƙame zomon tana kallonsa, ta kasa gane abin da ya hana babanta shigowa. Mutumin da ke juya manyan ƙarafa ya tsaya cikin ƙanƙara, ba abin da ƙarfinsa zai yi masa. Loreen da ta san amsar tana kwance a asibiti, an sa ta barci.

Dole ya kira Iya Marge. Tsohuwa ta iso tana dogara sanda, ba a tambaye ta komai ba, aka miƙo mata yarinya.

Suna tafiya wajen mota ya rage murya. "Iya, don Allah, meye sunan zomon nan?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ba ka sani ba, ɗan nan? Tessa ta sa masa suna Baba. Ta ce shi ne babanta mai kwana a gida."

Wendell ya zauna a mota da makulli a hannu, ya daɗe bai iya tayar da ita ba.

Darasi: Ciyar da iyali wajibi ne, amma bai isa ya sa ka zama uba ba. Ka san 'ya'yanka, ka ɗauke wa matarka ƙananan hidimomin da kake rainawa, tun kafin ranar da za ka tsaya a waje. Ku tura wa duk magidancin da kuke ƙauna.