Kwikwiyon Ƙasar Ƙanƙara a Gidan Tunkiya

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya rufe bakinsa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Ana tsakiyar bazara Jaki ya dawo daga fatauci da wani kwikwiyo a cikin mangala. Maraya ne ɗan ƙasar ƙanƙara, idanunsa shuɗaye, gashinsa ya fi bargo kauri. Ya damƙa wa Tunkiya amanarsa.

Tunkiya akwai kirki, amma ba ta jin shawara. Ta ce, "Jariri sai da ɗumi." Ta yi masa shimfiɗa kusa da murhu.

Kwikwiyo ya zaro harshe yana haki. Ya lallaɓa gindin randa ya kwanta a kan danshi, Tunkiya ta jawo shi. "Haba ɗan nan! So kake a ce na kwantar da baƙo a taɓo?"

Ya ce, "Inna, a garinmu kan ƙanƙara muke kwanciya."

"Nan ba garinku ba ne."

Kyanwa mai wayo ta leƙo daga katanga ta ce, "Yaya, wannan hakin na zafi ne. Ki ƙyale shi."

"Ke za ki koya min reno? Masassara ce, miƙo min bargo."

Ta lulluɓe shi ta tokare ƙofa. Ya yi ta kuka har ya yi shiru. Tunkiya ta ce, "Kun gani, ya saba."

Da Jaki ya zo duba amanarsa ya yaye bargon, sai ya tarar rai ya yi halinsa. A gindin randar suka binne shi, wannan karon ba wanda ya jawo shi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ku tashi haka nan.