Lasisin Aro

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da ya je ƙasar waje ya karanto ilimin harhaɗa magunguna. Maraya ne, kawunsa ne ya rene shi, ya tsaya masa har ya gama. Ranar da ya dawo, tsohon ya rungume shi a bakin ƙofa yana hawaye. Tun daga nan kowa a gidan yake ce masa Dokta.

To, kafin ya dawo, hukumar da ke ba da lasisi ta sauya jarrabawar waɗanda suka yi karatu a waje. Da can rubutu kawai ake yi. Yanzu kuwa sai ka tsaya a bayan kanta, a kawo maka mutum a matsayin majiyyaci, a ga yadda za ka yi da shi. Wanda ya faɗi, sai ya yi shekara ƙarƙashin wani babba kafin ya sake zama.

Ɓangaren rubutu kam, ya cinye shi tas. A gwajin bayan kanta ne ya faɗi.

Ya fito yana huci. A ransa hassada ce kawai: mutanen da ko jirgi ba su taɓa hawa ba, su ne za su gwada shi? Ba shi kaɗai abin ya ƙona ba. Abokan karatunsa ma sun yi gunaguni, wasu har sun kai kuka hukumar, amma suka haɗiye, suka kama aikin shekarar. Matarsa ta lallashe shi, ta ce shekara ba mutuwa ba ce.

"Ni zan tsaya ina miƙo wa wani kwali?" in ji shi. "Kada ki sake yi mini wannan maganar."

Sai me ya yi? Ya samu wani tsohon mai lasisi da ya daina aiki, ya ɗauki hayar takardarsa. Ya buɗe kemis mai gilasai da fararen fitilu, ya rataye takardar can sama kusa da silin, inda ido ba zai iya karanta sunan ba. Sannan ya je ya durƙusa gaban kawunsa ya ce ya ci jarrabawa. Tsohon ya bi maƙwabta gida-gida yana shelar abin alheri.

Ku dubi wannan rashin kunya! Ya sa farar riga, mutane suna miƙa masa rayukansu ta kan kanta, shi kuwa ko ɗar. Ba ya tambaya, ba ya saurare. Kafin ka gama faɗin abin da ke damunka ya ƙulle maka leda. A ganinsa tambaya aikin wanda bai sani ba ne.

Wata safiya kawun ya shigo yana ɗingishi, gwiwa ta hana shi sujada. Ya zauna a kan benci yana zolayar ɗan nasa, wai yau Dokta zai biya bashin goyo. Mutumin ya yi dariya, ya ɗauko maganin ciwon gaɓoɓi mai ƙarfi ya ce a sha safe da yamma. Bai san asibiti sun ɗora tsohon kan maganin tsinka jini ba. Ta ina zai sani, bai tambaya ba? Magungunan nan biyu kuwa ba a haɗa su da wasa.

Ba a rufa mako biyu ba tsohon ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki yana aman jini.

A asibiti likita ya ɗaga ledar yana tambayar wane marar tsoron Allah ne ya ba da wannan. Mutumin yana tsaye a ƙarshen gado. Tsohon ne ya buɗe ido da ƙyar.

"Likita, ka daina zaginsa. Ɗana ne. Yana da lasisi, ba zai yi kuskure ba."

Bai sake magana ba har ya cika.

Da bincike ya zo, aka sa tsani aka sauko da takardar, sai ga sunan wani. Aka garƙame kemis, aka kai shi kotu tare da wanda ya ba shi haya, hukumar ta haramta masa jarrabawar har abada. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta. A wajen zaman makoki ya miƙa wa babban ɗan kawunsa hannu, wancan ya dube shi ya kau da kai.

Ya 'yan uwa, jahilci ne ya kashe tsohon nan? A'a. Mutumin yana da ilimi. Girman kai ne, da ƙaryar da girman kai ya haifa. An nuna masa inda ya gaza, ya ce cin mutunci ne. In doka ta yi maka tsauri, akwai ƙofar kai ƙara. Amma wa ya ba ka izinin gwada kanka a jikin bayin Allah? Kai mai tuƙi da takardar wani, ke mai yin allura ba ki koya ba, me za ku faɗa ranar da za a tambaye ku?

Allah ya raba mu da girman kan da ke hana koyo. Allah kada ya sa ran wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu.