Noti Na Takwas

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Na-Gane. Duk maganar da ka fara gaya masa, kafin ka kai tsakiya zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane." Ma'aikacin ofis ne, mai son guga da turare. Yana da mata da 'ya'ya, da wata farar mota da yake gogewa fiye da yadda yake goge fuskarsa.

Mahaifinsa yana zaune tare da shi, a ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofa. Baba ya yi shekara arba'in yana kanikanci kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu inuwa-inuwa kawai yake gani, amma kunnensa yana nan garau. Daga kan bencinsa yakan faɗi ciwon motar da ta wuce a layi.

Na-Gane kunyar sana'ar uban yake ji. In baƙi suka zo sai ya ce, "Baba ya taɓa harkar motoci," ya yi maza ya kawo wani zance. Da baƙin man nan da ya ƙi fita daga farcen tsohon aka biya masa makaranta, amma wannan bai taɓa damunsa ba.

Wata rana motar ta fara rawa. Da ta tsaya sai inji ya kama kakkarwa yana neman mutuwa. Baba ya ji shigowarta gida, ya ce, "Auta, motar nan tana shan iska ta inda bai kamata ba. Ka sa a duba manifol."

Manifol shi ne bututun nan mai rassa da ake ɗaurewa a jikin inji, yana raba iska zuwa cikinsa.

"Na gane," in ji ɗan, ko waiwayowa bai yi ba. Washegari ya kai ta garejin da ake jona wa mota na'ura. Na'urar ta faɗi abin da tsohon ya faɗa kyauta: manifol ya tsage. Da ya dawo gida bai ce wa Baba komai ba.

Sai ya yanke shawarar shi zai canja da hannunsa. Ya kalli bidiyo a waya sau uku, ya sayo sabon manifol da gasket, wato shimfiɗar da ke shiga tsakaninsa da inji, da akwatin sufanu masu ƙyalli. Ranar Asabar da hantsi ya ja motar ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya kira abokinsa Dogo ya riƙe waya ya ɗauke shi, don 'yan ofis su ga irin basirarsa.

Baba ya ji ƙarar ƙarfe, zuciyarsa ta yi fari. Ya ɗauka yau ɗansa zai neme shi. Ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo tsohon akwatinsa na kwano, ya fito yana bin bango, da kwalin ƙwai a hammata da tsumma a kafaɗa.

"Auta, ga wannan. Duk notin da ka kwance ka sa shi a ramin ƙwai ɗaya, ka san adadinsu. In ka ɗauke manifol za ka ga ramuka huɗu a buɗe a jikin injin. Ka cusa tsumma a kowanne kafin ka taɓa wani abu."

Na-Gane ya dubi Dogo ya yi dariya. "Ka ji fa. Injin zamani, a ce da kwalin ƙwai. Baba, wannan ba irin gwangwanayen da kuka yi ta bugu da guduma ba ce. Koma ka zauna."

Tsohon ya koma kan benci, ya ɗora kwalin a cinya.

Aiki ya tafi daidai da farko. Ya cire wayoyi da tiyo, ya kwance noti takwas, ya jera su a saman murfin inji. Ya ɗago tsohon manifol ya nuna wa waya tsagar, ya jefar da shi gefe. Ramuka huɗu suka bayyana, bakinsu a buɗe yana kallon sama.

Yana juyowa zai yi wa waya bayani, gwiwar hannunsa ta share notunan. Suka zube, wasu a ƙasa, wasu a jikin inji.

Baba ya miƙe zaune. "Tsaya. Ɗaya ya faɗa rami."

"Wane rami kuma?"

"Notin da ya faɗi a siminti yana ƙara, ya yi gangare. Na ji ɗaya ya yi ƙis sau ɗaya ya yi shiru. Ƙirga su."

Dogo ya tsugunna ya tattara. Bakwai.

"Ya gangara cikin kwata," in ji Na-Gane.

"Bai gangara ba. Ga mayen ƙarfe nan a akwatina, a ɗaure a bakin waya. Zura shi cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti biyar ne. In ka tayar da injin nan da noti a ciki, zai faɗa kan fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a ciki, kuma shi ke nan."

Dogo ya sauke wayar. "Kai, mu gwada mana. Me za a rasa?"

Abin da ya ɓata wa Na-Gane rai ke nan. A ce abokinsa ya bi bayan makaho, a gaban waya. Ya haska fitilar wayarsa cikin rami ɗaya, bai ma sunkuya sosai ba, ya ce babu komai. Sannan ya buɗe akwatin Baba ba tare da ya nemi izini ba, ya tona, ya ɗauki wani noti mai kama da nasa.

"Ga na takwas. An gama magana."

Ya ɗora gasket, ya ɗora sabon manifol, ya ɗaure. Duk tsawon lokacin nan tsohon yana magana a hankali, yana roƙo. Ɗan ya kunna waƙa a waya don kada ya ji.

Da ya gama ya tafi famfo wanke hannu. Ya dawo ya duba kan kujerar roba inda ya ajiye makulli, babu. Baba yana tsaye jikin ƙofar mota, hannunsa na dama a dunƙule a ƙirji.

"Ba ni makullina."

"Auta, kwance shi. Awa ɗaya ce. In ba mu sami komai ba, ka zage ni a gaban abokinka, na yarda."

"Mutumin da ba ya ganin tuwon gabansa shi ne ya ga noti a cikin inji?"

"Ban gani ba. Ji na yi."

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Baban yara, don Allah ka bi shi a hankali. Baba ne fa."

"Koma ciki." Ya juya ga tsohon, muryarsa ta sauka, kuma wannan ya fi ihu muni. "Shekara arba'in kana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, me ka tara? Akwatin kwano. A gidana kake ci, a gidana kake kwana. Daga yau kada ka ƙara sa mini baki a cikin abin da ya shafe ni. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Baba ya ce, "Na ji." Amma bai buɗe hannun ba.

Ina rubuta wannan wurin raina yana ƙuna. Na-Gane ya kama hannun ubansa ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da makullin ya fito, ya ture shi daga jikin ƙofar. Ƙafar tsohon ta harɗe da tsohon manifol da ke yashe a ƙasa, ya faɗi ta gefe a kan siminti.

Bai yi kuka ba, numfashi kawai ya ja. Matar ta saki ludayi ta ruga wurinsa.

"Ba abin da ya same shi," in ji Na-Gane. "Dogo, ci gaba da ɗaukar bidiyo."

Ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya tashi lafiya lau, babu rawa, babu kakkarwa. Ya leƙo ta taga yana murmushi. "Baba, kunnen naka ya ji wannan?"

Sai ya taka totur.

Ƙarar da ta biyo baya kamar ana dukan tukunyar ƙarfe da taɓarya. Sau huɗu ko biyar, motar ta girgiza, inji ya mutu. Ya sake murɗa makulli, ko motsi bai yi ba.

Tsakar gidan ta yi tsit. A cikin shirun ne ya ji matarsa tana cewa, "Baba ba ya iya tashi. Ƙafarsa ta juya."

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ga mota a gida, ga mai ciwo a ƙasa, ba ta iya kai shi ko bakin layi. Ta kuma tare hanyar shigowa, don haka motar maƙwabci a waje ta tsaya. A kan bencinsa suka ɗauke shi, suka raɓa da shi ta gefen farar motar, yana cije leɓe.

Sati uku Baba ya yi a asibiti. Ranar sallama Yaya, babbar 'yarsa, ta zo da mijinta suka wuce da shi gidansu. Ta tsaya a gaban ƙanenta ta ce, "Akwatinsa kawai za ka aiko mini. Sauran ka riƙe."

Makaniken da ya zo ya buɗe injin ya sami notin a nitse cikin kan fistin, ya baje kamar kwabo. Bawul, ƙyauren da ke buɗe wa iska hanya, ya lanƙwashe, kan injin ya tsage. Ya miƙa wa Na-Gane notin ya ce, "Da an toshe ramukan da tsumma, da ba a kai nan ba. Ba wanda ya gaya maka?"

Karo na farko a rayuwarsa bai ce ya gane ba.

Ya ɗauki notin ya tafi gidan Yaya. Baba na kwance, ya rame, ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Na-Gane ya durƙusa ya sa masa notin a tafin hannu. Tsohon ya shafa shi da babban yatsa.

"Shi ne," ya ce, ya mayar masa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun ina ƙasa."

Ɗan ya fashe da kuka, ya ɗauka komai ya wuce. Ya share ido ya ce, "To yanzu me zan yi da motar? In sa wani inji ko in rabu da ita?"

"Yadda ka gani."

"Shawararka nake nema."

"Ka ce kada in ƙara sa maka baki, Auta. Na ce na ji."

Na-Gane ya yi zaton fushi ne zai huce. Bai huce ba, don ba fushi ba ne. Duk ranar Asabar yana zuwa. Baba zai amsa gaisuwa, ya tambayi yara, ya sa masa albarka. Amma da ya kawo tambaya, ko ta aiki, ko ta gida, ko wadda ya ƙirƙiro a hanya don kawai ya ji muryar nan ta da, amsar ɗaya ce: "Yadda ka gani."

Abin da ya fi ci masa rai, yana zaune a ɗakin sai maƙwabcin Yaya ya tayar da babur a waje. Tsohon zai karkata kai ya ce da 'yarsa, "Gaya masa ya duba fulogi." Kowa yana samun wannan kunnen, ban da ɗan da ya haifa.

Haka aka yi wata goma sha huɗu. Asabar ta ƙarshe jikin ya yi nauyi sosai. Na-Gane ya riƙe hannun nan na dama, wanda ya ɓamɓare, ya ce, "Baba, gaya mini abu ɗaya kawai. Ko mene ne. Wallahi zan saurara har ƙarshe."

Tsohon ya zare hannunsa a hankali ya mayar kan ƙirji.

"Ai ka gane, Auta."

Ranar Litinin ya rasu. Motar tana nan har yau a ƙarƙashin rumfa, tayoyinta sun sace. Kwalin ƙwai yana kan kujerar direba, da noti ɗaya a ciki.

Darasi: Wanda ya riga ka shan wahalar aiki, ko idonsa ya tafi, saninsa bai tafi ba. Minti biyar na sauraro ya fi shekarun nadama sauƙi. Ana iya canja inji, amma bakin iyaye in ka rufe shi da wulaƙanci, ko sun yafe maka ba lallai ya sake buɗewa ba. In naka suna raye, je ka zauna ka ji maganarsu har ƙarshe. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan makulli yanzu.