Tanimu da Fitilar A-kori-kura

An yi wani mutum a wani gari, bakanike, sunansa Tanimu. Ba zan faɗi garin ba, kar wani ya ce da kawunsa nake. Talaka ne bawan Allah. Garejinsa kaf inuwar wata dalbejiya ce a filin Alhaji Barmo mai albasa, sai akwatin sifana ɗaya. A wannan inuwar yake samun abin ciyar da iyalinsa.

Shi Alhaji yana da wata a-kori-kura da ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ga shan mai, ga baƙin hayaƙi, ga wata 'yar fitila rawaya a gaban direba da ta ƙi mutuwa. Ya manna mata sitika mai "Allah ya kiyaye hanya", ta ci gaba da leƙowa ta gefe. Da ya gaji, ya ce sayarwa zai yi.

Ya zo ya ce, "Tanimu, cire mini ƙwan fitilar nan, kar mai saye ya gani."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, fitila ba ta da laifi, 'yar aike ce. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar yatsa a jikin salansa, sensa muke ce masa. Shi ke shinshina hayaƙi ya gaya wa inji yawan man da zai sha. Hancinsa ne ya toshe. A sake shi, kafin la'asar an gama."

"Motar da zan rabu da ita zan saya wa sabon hanci? Cire ƙwan!"

"Alhaji, wanda zai saya fa?"

"Ka san shi ne?"

"Ko ban san shi ba, Allah ya san shi."

"To, ka cire, ko ka kwashe tarkacenka daga inuwata."

Ku saurara, jama'a. Kai mai gyangyaɗi a sahun baya, da kai nake. Aikin minti biyar ne fa! Tanimu ya ji tsoro, wallahi ya ji, don ya san bakin da ke jiransa a gida. Amma ya ɗauki akwatinsa ya koma bakin titi, cikin rana. Sati uku yana gasuwa, masu kawo gyara ba su san inda yake ba.

Alhaji ya sami wani ya cire ƙwan, aka shafa fenti, dillali ya tafi da mota.

Ran nan da hantsi, sai Alhaji ya ji wani tari da ya sani a ƙofar gidansa. Ya leƙo. Motarsa ce, ga ma guntun sitikar. Wa ke ciki? Surukinsa, Malam Nayaya, mahaifin Hajiya, ya zo daga ƙauye baki har kunne.

Alhaji ya zube yana gaisuwa. Tsoho ya ce, "Na yi mota! Dillali ya ce ta wani mai tsoron Allah ce. Sai dai tana shan mai kamar da gayya. Kai ɗan birni ne, kai ni wurin bakanike mai gaskiya."

Mai gaskiya! To, guda nawa Alhaji ya sani?

Dole Alhaji ya kai shi bakin titi wurin Tanimu. Tanimu ya shige ƙarƙashin mota, ya zuba wa tsohon sensa mai, da yake ya yi tsatsa, ya yi ta kokawa da shi har ya kwance, ya ɗaura sabo. Sannan ya mayar da ƙwan fitila. Aka tayar da mota, fitila ta kawo ta mutu da kanta, hayaƙi ya washe.

Tsoho ya ce, "Yaro, wane marar kunya ne ya cire ƙwan nan?"

Gumi ya karyo wa Alhaji har cikin hula.

Tanimu ya ce, "Baba, ba a gabana aka cire ba. Ni dai na mayar."

Kun ji? Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona asiri ba. A ranar, Alhaji da babbar rigarsa shi ya ɗauko akwatin sifana a ka, har gindin dalbejiya.

Jama'a, gaskiya na iya fitar da kai rana, amma ba ta barinka a can. Kuma kowannenmu yana da irin fitilar nan a ƙirjinsa. Kai mai mudun da aka bubbuge wa gindi, kai mai jera manyan tumatir a saman kwando, ta kunna ko ba ta kunna ba? In ta kunna, kar ka cire ƙwan, gyara za ka yi. Ba ka san a ƙofar gidan wa motar za ta tsaya ba. Allah ya sa mu gyara.